Lissafin kwamfuta ko awo a fili: wanne zai nuna inda ƙurar ma'adinai ke sauka?

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin bincike kan ƙurar da iska ke kwashewa daga tulin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a Riruwai, can ƙaramar hukumar Doguwa, kuma kuɗinka ba zai ɗauki abu biyu ba: ka zauna nan Kano ka yi lissafin kwamfuta, ko ka je ka ɗebo ƙasa a auna? Ni dai na fi karkata ga awo, amma bari in ba kowanne haƙƙinsa.

Manhaja irin AERMOD, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da ita a 2005, ba ta ganin ƙura da idonta. Kai za ka gaya mata faɗin tulin da tsayinsa, girman ƙwayoyin ƙurar, yawan abin da ke tashi, yanayin tudu da kwari, sannan ƙarfin iska da inda ta fuskanta awa bayan awa. A ƙa'idarsu ana son bayanan yanayi na shekara 5, ko na shekara 1 idan a wurin aka auna. Sai ta zana maka taswira: nan ƙura za ta yi kauri, can za ta tsinke. Amfaninta babba shi ne tana amsa tambayar "idan fa". Idan aka rufe tulin da jar ƙasa fa? Idan aka gina makaranta kudu maso yamma da shi, inda iskar hunturu ke turawa? Awo ba zai taɓa gaya maka abin da bai faru ba tukuna.

Inda nake jin tsoro shi ne abin da za ka ciyar da ita. Bayanan iskar da za ka fi samu a sauƙaƙe na filin jirgin saman Malam Aminu Kano ne, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, Riruwai kuwa ƙasar duwatsu ce a ƙarshen kudancin jihar. Sannan ƙura ba ta tashi sai iska ta kai wani ƙarfi, da zarar ta wuce shi kuma tashin yakan ninka sosai, shi ya sa guguwar gaban hadari ta minti kaɗan a bazara ke iya kwasar abin da mako guda bai kwasa ba. Saman tulin yakan yi ɓawo bayan damina ya riƙe ƙasar, har sai babura da shanu da yara masu wasa sun farfasa shi. Duk wannan ƙiyasi za ka yi, taswirar kuma za ta fito tsaf da launuka kamar gaskiya.

Awo shi ma yana da tarkonsa. Na'urar auna ƙurar iska ba ta bambance ƙurar tulin da hazon da ke zuwa mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Sai an kai matatar na'urar ɗakin gwaji an duba ƙarafan da ke ciki. Kuma wurin da ka ɗiba kaɗai ka sani.

Amma ka tuna Zamfara a 2010. Yara aƙalla 400 suka rasu da gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Ba iska ce ta kawo ƙurar daga nesa ba. A buhu aka shigo da dutsen zinare mai ɗauke da dalma cikin gida, aka niƙa a injin niƙa, aka daka a turmi, aka shanya a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. An auna ƙasar wasu wuraren, dalmar da ke ciki ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne. Haka aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Babu manhajar iska da ta san hanyar buhu. Gwajin jinin yara da na'urar XRF ta hannu, wadda ake ɗora wa ƙasa ta ba da sakamako nan take, su suka tona asirin.

Don haka ka fara da ƙafarka. Ka ɗebi ƙasar saman tulin, da ta gefen arewa maso gabas da kudu maso yamma a tazara daban-daban, da ƙurar sharar ɗakuna da bakin rijiya, sau ɗaya a hunturu, sau ɗaya kafin ruwan farko. Ka tambayi mutanen garin ko ana ɗibar ƙasar tulin a yi bulo ko yaɓe. AERMOD kyauta ake sauke ta, ba za ta gudu ba. Idan sakamakon awonka ya zo, sai ka gwada taswirarta da shi ka ga ko sun yi daidai. In kuma ka ga dalma ta yi yawa kusa da gidaje, kada ka jira kammala rubutu, ka sanar da hukumar lafiya a gwada jinin yaran.