Kati mai 3D Secure ko taransfa?

Masu sayar da littattafan PDF da darussan bidiyo suna yawan tambayata wanne ya fi tsare su daga mai saye da zai sauke kaya, ya koma bankinsa ya musanta cinikin, a zare kuɗin.

Da kati, yakan samu har kwana 120 ya yi hakan. 3D Secure, tsarin tantance mai kati da lambar OTP da banki ke tura masa, yakan mayar da asarar kan bankin mai sayen. Amma in ya ce kayan bai iso ba, shaida na wuyanka, don haka adana bayanan saukewa.

Taransfa ta fi araha da wuyar janyewa, sai dai ka duba asusunka saboda alat na bogi.

Mai kwastomomi a ƙasashen waje, kati ya dace da shi. Mai ciniki cikin gida ta WhatsApp, taransfa ta ishe shi.