Seestar S50 wajen auna hasken ƙananan nova

Wanda zai sayi Seestar S50, ƙaramar na'urar hangen taurari da ake sarrafawa da waya, don ya ɗauki hoton wata ya ɗora a Facebook, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Ni buƙatata daban ce. So nake in auna hasken taurarin da ake kira ƙananan nova, in ga ko madubi mai faɗin milimita 50 kacal zai iya wannan aiki.

Kowace ƙaramar nova taurari biyu ne manne da juna. Ɗaya tsohon tauraro ne da ya ƙanƙance ya yi nauyi, ana ce masa farin wada, yana zuƙar iskar gas daga jikin abokinsa. Gas ɗin yakan taru ya zama faifai a kewayensa, in ya cika ya yi zafi sai haske ya tashi farat ɗaya, bayan kwanaki ya lafa.

Da SS Cygni na fara, wanda Louisa Wells ta gano a Harvard a 1896. Yana zaune a wajen mataki na 12 a ma'aunin haske, duk bayan mako 7 zuwa 8 ya haura zuwa na 8, wato haskensa ya ninka kusan sau 40, domin a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce mai haske. A nan na'urar ta burge ni ƙwarai. Ka ajiye ta a tsakar gida, ka daidaita ƙafafunta, ka ba ta wurin tauraron ta waya, ita za ta nemo shi da kanta, ta yi ta ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 kowanne. Da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, sama garau take, kuma daren da tauraron ya tashi ko awo ba sai ka yi ba, a fuskar waya za ka gan shi ya fi maƙwabtansa.

Sai dai hoton da manhajar ke nuna maka na kallo ne, ba na awo ba. Dole ka sa ta adana kowane hoto ɗanye a tsarin FITS, irin fayil ɗin hoto da masu binciken taurari ke amfani da shi, ka cire tacen da ke rage hasken gari, sannan a kwamfuta ka ware launin kore kaɗai, tunda kyamarar mai launi ce. Ni da manhajar Siril nake warewa, in auna da manhajar AstroImageJ, duka kyauta ne. Taurarin da ake gwadawa da su kuwa daga taswirar AAVSO nake ɗauka, ƙungiyar Amurka da ke tara irin wannan awo tun 1911, kuma tana karɓar na launin kore da lambar TG.

U Geminorum ne ya nuna mini iyakar na'urar. John Russell Hind ya gano shi a 1855, kuma shi yana da husufi: duk bayan kusan awa 4 da kwata abokin yakan gifta ya tare wuri mafi haske a bakin faifan na ɗan lokaci. Matsalar ita ce in yana kwance yana wajen mataki na 14 ne, husufin kuma ya ƙara dusashe shi. Hoto ɗaya bai isa ba, sai na haɗa da yawa a awo guda, kuma yawan haɗawa yana shafe siffar husufin da nake nema. Ramin da raguwar hasken ke yi yana fitowa a jadawali, amma ɗigogin a warwatse suke, ba zan rantse a kan mintin da ya fara ba.

Ga kuma hazo. U Geminorum da hunturu yake ratsawa kusan saman kanmu a nan Arewa, daidai lokacin da ƙura ke cika sama. Hazo mai sauƙi bai cika ɓata awo ba, saboda yadda ya rage hasken tauraronka haka ya rage na maƙwabtan da kake gwadawa da su. In ya yi kauri, gara ka mayar da na'urar jaka.

Malamin kimiyya ko ɗalibi mai son sa ido kan tashin SS Cygni, ko na U Geminorum da ke kaiwa mataki na 9, ya saya hankali kwance. Mai neman lokacin husufi daidai, irin na IP Pegasi, wata ƙaramar nova mai husufi, ya tara kuɗin madubi mai faɗin santimita 20 ko fiye.