Gindin dutse a Kasala ko bakin tafki a Damazin: wa za a fara kira, muhandis ko mukawil?

Alhaji, ka ce kana da fili a gangaren dutse a Kasala ta ƙasar Sudan, ga wani kuma kusa da tafkin madatsar Rusairis a yankin Damazin. Kana son sanin bambancin aikin gini a wuraren biyu, da kuma ko ka fara karɓo taswira a wurin muhandis, wato injiniya, sannan ka nemi mukawil, wato ɗan kwangilar gini. Shawararmu ita ce kada a ja layi ko ɗaya a takarda sai su biyun sun taka filin tare. Amma wanda maganarsa za ta fi nauyi ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

A gangaren dutse, abin da ke cin kuɗi a fili yake, ido na ganinsa tun ranar haƙa. Nan bakin mukawil yana da daraja tun farko, domin shi ya san ko motar yashi da tsakuwa za ta iya hawa, ina za a ajiye tankin ruwa, da kwana nawa injin fasa dutse zai yi. Muhandis da ya zana gida a ofis kamar filin shimfiɗaɗɗe ne zai ja maka ɗayan biyu: ko a fasa dutse mai yawa, ko a yi ciko mai zurfi. Don haka a fara kiran mai awon ƙasa ya fitar da tudu da kwarin filin, sannan a zana gidan hawa-hawa yana bin gangaren, harsashin ma ya sauka mataki-mataki.

Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne a ɗora rabin gida a kan dutse, rabi a kan ciko. Dutse ba ya motsi, ciko kuwa yana zama a hankali, sai bango ya tsage daidai inda suka haɗu. Kowane ginshiƙi ya sauka har kan ƙasa ta asali ko dutse. Cikon da ba makawa a yi shi kashi-kashi, kowane kashi santimita 20 zuwa 25, a yayyafa ruwa a daddage da inji kafin a zuba na gaba. Katangar da ke tare ƙasa kuma ba katangar gida ba ce, lissafin rodinta na muhandis ne. A zuba tsakuwa kamar santimita 30 a bayanta, a saka bututun fitar ruwa kowane mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ruwan Kasala kaɗan ne, amma idan ya sauka a kan falalen dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi gaba ɗaya, saboda haka a haƙa magudana ta saman gidan ta karkatar da shi gefe. A ɗaga kai kuma a dubi manyan duwatsun da ke sama da filin, ko akwai wanda ke zaune a kan ƙasa mai zaizayewa.

Bakin tafki lamarinsa daban, kuma shi ya fi ba mu tsoro. Filin shimfiɗe yake, haƙa ba wuya, mukawil zai ba ka farashi mai daɗi. Matsalar tana ƙarƙashi. Yawancin ƙasar yankin baƙin laka ce, irin wadda ke darewa da rani har hannu ya shige, ta sha ruwa da damina ta kumbura. Ruwan sama a Damazin ya ninka na Kasala har da ƙari, ga kuma tafkin da ke hawa yana sauka. Gida mai hawa ɗaya ba shi da nauyin da zai danne wannan kumburi, ƙasa ce ke ɗaga shi. Alamar takan fito bayan damina ɗaya ko biyu: tsaga a karkace daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa, tayil ya yi tozo a tsakiyar ɗaki.

A nan maganar muhandis ce gaba, kuma shi ma ba zai ce komai ba sai an yi gwajin ƙasa. A huda rami biyu ko uku a filin, a kai samfur ɗakin gwaji. Sakamakon ne zai nuna zurfin da danshi ke canzawa, harsashi kuwa dole ya wuce wannan zurfin. Sau da yawa mafita ita ce turakun kankare da ake hudawa a zuba, waɗanda magina ke kira hawazik, a ɗaure kawunansu da bim, wato dogon kankare mai rodi da ake kwantarwa a kansu. Abin da ya kamata ka tsaya ka gani da idonka shi ne ratar da ake bari a ƙarƙashin bim ɗin, santimita 10 zuwa 15, domin in laka ta kumbura ta sami wurin zuwa. Leburori sukan cike ta da ƙasa don su ga aiki ya yi tsaf, to duk kuɗin turakun ya tafi a banza. Daɓen ɗaki ma ko dai a rataye shi a kan bim, ko a kwashe lakar a maye ta da ƙasar da ba ta kumbura. A zagaye gidan da daɓe mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu yana gangarawa waje, a nisantar da ramin bayan gida da bishiyoyi irin su darbejiya daga bango.

Batun ruwan tafkin kansa, kada a dogara da inda ka gan shi ranar da ka je. An ƙara wa madatsar tsayin mita 10, aka yi bikin kammala aikin a 2013, ruwa ya mamaye wuraren da a da tudu ne. A tambayi hukumar madatsar iyakar da aka hana gini, a kuma tambayi masunta 'yan'uwanmu da ke wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ƙasan ɗaki ya ɗara wannan alama da aƙalla rabin mita. Maganin gara kafin daɓe da ragar sauro a tagogi su shiga lissafi tun farko.

A rubuce, yarjejeniyar wuraren biyu ba iri ɗaya ba ce. Ta dutse a ware farashin fasa dutse a kan kowace mita kubik, domin nan rigima ke tashi. Ta bakin tafki a rubuta cewa ba za a zuba kankare a turaku ko bim ba sai muhandis ya duba zurfi da rodi ya sa hannu, kuma kai ne za ka biya shi kai tsaye, ba ta hannun mukawil ba. Ka riƙe wani kaso na kuɗin mukawil har damina ɗaya ta wuce a kan gidan.