Wace manhajar editin ce ta dace da mai ɗaukar bidiyo a ƙauye? Ni dai VN

Aikin ɗaukar bidiyo a garuruwanmu na Jigawa ya sauya. A da ka ɗauki biki ko walimar saukar Alƙur'ani, ka zuba a filas, a kalla a talabijin, an gama. Yanzu uwar amarya tana son na talabijin, wanda yake a kwance, ƙawayen amarya kuma suna son na tsaye da za su ɗora a sitatus da TikTok. Dillalin da ya kira ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ɗauki bijiminsa, shi ma na tsaye yake so, kuma yana so tun kafin kasuwa ta watse. Saboda haka abin da ya kamata ka duba kafin ka zaɓi manhaja ba yawan ƙyale-ƙyalen da ke cikinta ba ne. Ka duba yadda take yanke hoto, da yadda take ba ka damar bin abin da ke motsi da kifirem, wato alamar da ake dasawa a bidiyo don nuna inda hoto zai tsaya a wani lokaci.

Bari in fara da lissafi, domin da yawa suna zagin manhaja alhali laifin na lissafi ne. Bidiyon kwance na 1080 yana da faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080. Idan ka mayar da shi tsaye, wato 9:16, faɗin ɗigo 608 kawai zai rage maka. Bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk ya tafi, har da kawun ango da ya tsaya a gefe yana jiran a gan shi. Kuma wannan ɗan abin da ya rage sai an buɗa shi kusan ninki biyu kafin ya cika fuskar waya, shi ya sa hoton yake yin dishi-dishi. Wanda ya ɗauka da 4K, mai 3840 da 2160, zai samu faɗin 1215, ya fi ƙarfin abin da ake buƙata. Wayoyinmu masu matsakaicin kuɗi da yawa ba sa ɗaukar 4K, amma wasu suna ɗaukar 2K, mai 2560 da 1440, wanda zai bar maka faɗin 810. Idan wayarka tana da shi, kunna shi duk ranar da ka san za a nemi na tsaye. Babu manhajar da za ta dawo maka da abin da kyamara ba ta ɗauka ba.

To, ga inda kifirem yake shigowa. Kamar turke ne: ka kafa ɗaya a daƙiƙa ta biyu ka ce hoto ya tsaya nan, ka kafa wani a daƙiƙa ta shida ka ce ya koma can, manhaja ta ja igiya tsakaninsu da kanta. Ɗauki hawan sallah a Gumel ko Haɗejia, lokacin da mahaya suka taho a sukwane za su yi jafi. Doki ya shigo ta hagu ya fice ta dama. Idan ka ɗauko abin yanke gefe ka datse wuri ɗaya, dokin zai ratsa ya wuce, ka zauna kana kallon ƙura da ƙafafun 'yan kallo. Abin yi shi ne kada ka datse komai. Ka mayar da allon aikin 9:16, ka buɗa bidiyon da yatsu biyu har ya cika allon, sannan ka dasa kifirem kana jan hoton yana bin dokin. Manhajar da ta sauƙaƙa wannan ita ce tawa.

Shi ya sa na tsaya a kan VN, ta kamfanin Ubiquiti Labs, wadda ake samu a Android da iPhone da kwamfutar Mac. Abu na farko, girman allo yana sama a bayyane, kuma kana iya sauya shi a tsakiyar aiki. Na kan gama na kwance tsaf, in yi kwafin aikin, in mayar da kwafin 9:16, sannan in bi gutsure-gutsuren ɗaya bayan ɗaya ina daidaita fuskoki. Ba sai na sake yanka daga farko ba. Na biyu, alamar kifirem ɗinta, wata 'yar lu'ulu'u, tana kusa da yatsa, kuma tana aiki a kan ainihin bidiyon, da wanda ka ɗora a kansa, da rubutu. Kana iya buɗe layin lokaci sosai har ka ga daidai inda ango ya juyo da kansa, ka dasa a nan. Wanda ya taɓa fama da ƙaramar fuskar waya da babban yatsa zai gane darajar wannan.

Na uku shi ne lanƙwasa motsi. Idan ka bar tafiyar hoto a miƙe, zai zabura lokaci ɗaya ya kuma tsaya cak, mai kallo ya ji wani iri ko da bai san dalili ba. VN tana ba ka damar sa motsin ya fara a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sauka a hankali, kamar dai hannun mai kyamara ne ya juya. A bidiyon wa'azi nake fi jin daɗin wannan. Malam yana zaune, kyamara ɗaya ce a kan ƙafarta, amma da ɗan matsowa a hankali lokacin da ya zo kan muhimmiyar magana, sai a ɗauka kyamara biyu ce. Ni wajen buɗa hoto ba na wuce 120 zuwa 130 cikin 100 a bidiyon 1080, don daga nan gemun malam yake fara narkewa.

VN ba ta buga tambari a kan hotonka. Akwai ɗan guntun da take liƙawa a ƙarshe mai sunanta, ana taɓa shi a goge. Wajen fitarwa kuma kai za ka zaɓi girma da yawan firem da nauyin fayil, abin da ke da amfani ƙwarai ga wanda zai tura aiki ta WhatsApp da sabis mai sanda ɗaya. Tana da ɓangaren biyan kuɗi, amma kifirem da yanka ba sa ciki. Aibinta shi ne nauyi: waya mai ram 2, wato ƙwaƙwalwar aikinta gig 2, za ta sha wahala, musamman idan ka jera bidiyo a kan bidiyo.

Ko wacce ka ɗauka, ka kiyaye tsarin aiki. Girman allo da farko, sai yanka, sai gyaran sauri, kifirem ya biyo baya, rubutu a ƙarshe. Wanda ya dasa kifirem sannan ya dawo ya rage tsawon bidiyo ko ya sauya saurinsa zai tarar motsin ya kauce daga inda ya sa shi. Sannan da zarar ka dasa na farko, duk inda ka taɓa hoton a gaba sabo zai fito da kansa, shi ya sa wasu ke ganin hotonsu yana ta rarrafe ba su san mafari ba. Idan kana son hoto ya tsaya cik na ɗan lokaci, sai ka sa guda biyu iri ɗaya, a farkon tsayuwar da ƙarshenta. Kuma kada ka cika su. Uku ko huɗu sun isa bin doki ɗaya. Goma rawa za su sa shi. Ka kuma tuna TikTok tana jera maɓallanta a dama, rubutu a ƙasa, don haka fuska ta zauna sama da tsakiya kaɗan.

Sauran fa? CapCut ta ByteDance, masu TikTok, tana da kifirem mai kyau, ban musa ba, amma abubuwa da yawa a cikinta suna ɗauke da alamar Pro, wato na kuɗi ne, wasu kuma sai da data. KineMaster ta Koriya ta Kudu ita ta raine mu, sai dai tambarinta a kusurwa ba ya tafiya sai ka biya. InShot ta gajeren sitatus ce. Alight Motion ta masu wasa da rubutu da zane ce, ba ta mai bikin awa biyu ba. A kwamfuta, Premiere Pro tana da abin da ke bin mutum ya sake tsara allo da kansa tun 2019, amma kuɗin wata-wata ne. DaVinci Resolve ta Blackmagic Design kyauta ce, sai dai irin wannan dabarar tana cikin ta kuɗi, mai dala 295, kuma tana son ram 16, ga janareta yana shan mai. Mai tsohuwar laftof ya ɗauki Shotcut: kyauta ce gaba ɗaya, ba tambari, ba rajista, tana da kifirem tun 2018, kuma tana iya yin ƙananan kwafi na bidiyo don kada kwamfutar ta riƙa sarƙewa.

Akwai ma'aunin da na fifita a kan duk waɗannan, kuma ba a banza ba. Na taɓa haɗa bidiyon walimar sauka a wani ƙauye da sabis ba ya zama. Na bi kowace ɗaliba da kifirem tun daga inda ta miƙe har ta karɓi allonta. Da na zo fitarwa, manhajar da nake amfani da ita a lokacin ta ce sai an haɗa da intanet. Mahaifin yarinya ɗaya yana tsaye a kaina da filas a hannu, yana cewa, "Malam, baƙinmu na Kano da la'asar za su juya." Sai da aka ɗauke ni a babur zuwa bakin titi. Tun daga nan, duk manhajar da zan ba wani shawara a kanta sai ta ci wannan jarrabawar: ka sa waya a alamar jirgi, ka buɗe ta, ka jawo bidiyon minti uku, ka sauya allo, ka dasa kifirem huɗu, ka fitar. Idan ta nemi ka shiga asusu ko ta tsaya tana juyi, ba ta ƙauye ba ce. Ka maimaita gwajin duk lokacin da ka sabunta ta, kuma kada ka taɓa sabuntawa ana gobe biki.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Ka je rumfar masu tura manhaja, yaro ya karɓi wayarka ya buɗe Xender, ya ce, "Yallaɓai, wannan buɗaɗɗiya ce, komai na Pro yana ciki, ba tambari." Za ka ga sunan sananniyar manhaja an liƙa masa Gold ko Diamond, an sauya launin alamarta. Kamfanonin ba su suka yi waɗannan ba. Wani ne ya farke ta asali, ya cusa abin da ya ga dama, ya ɗinke. Shi kansa yaron bai san me ke ciki ba, shi ma tura masa aka yi. Idan wayar ta yi gargaɗi sai ya ce a kashe Play Protect, wai ita ce ke hana ta sauka. Wannan gargaɗin shi ne mai gadinka, kada ka yarda a kore shi.

Ka lura da izinin da take nema. Manhajar editin tana buƙatar hotuna da bidiyo, wataƙila da makirfo da kyamara. Me ya haɗa ta da saƙonninka, ko lambobin mutanenka, ko ikon sarrafa fuskar waya? Ta saƙo banki yake turo maka lambar tabbatarwa. A wayar nan kuma kuɗin aikin mutane yake shigowa, a cikinta bidiyon kamu da na zaman lalle suke, na matan da suka amince maka ka shiga har cikin gida. Idan irin wannan ya fita, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, mutuncin gidan wani ne, kuma ba za a sake kiranka ko suna ba a garin. Masu kwamfuta ma ba su tsira ba: a 2023 masu binciken tsaro na kamfanin Cyble sun bankaɗo shafukan bogi da aka ƙera kamar na CapCut, suna raba manhajar satar kalmomin sirri. Ka sauke daga Play Store ko App Store ko ainihin shafin kamfani, ka duba sunan wanda ya yi ta, ko da zai ci maka data. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka masu tallan "asusun Pro" mai araha a zaurukan WhatsApp: asusu ɗaya ake sayar wa mutane da yawa, ranar da aka rufe shi ba ka da wanda za ka kama.

Cutar ba ta tsaya a manhaja ba. Mai sayar da waya zai ce maka ram ɗinta 8, ka duba kwali da kyau ka ga 4+4. Huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiyar waya, kuma ba ya da saurin da editin ke so. Ka shiga saitin wayar a gabansa ka gani da idonka, ka kuma buɗe kyamara ka duba ko akwai 2K ko 4K kafin ka ƙirga kuɗi. Memori kuma ya fi kowa ha'inci. Ana rubuta 64 ko 128 a jikinsa, waya ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai wuce gig 8 ba. Zai karɓi duk abin da ka zuba ba musu, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar da fayiloli ba sa tashi. Kafin ka kai sabon memori wurin aiki, ka cika shi taf da tsofaffin bidiyo, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe ka kalle su har su ƙare. Idan ɗaya ya ƙi, mayar masa da abinsa a ranar.