Ƙwallon bolin: a saya a intanet ko a shagon mai huda?

Bolin wasa ne da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan wani dogon layi don a kayar da kwalabe goma da aka jera a ƙarshensa. Ƙwallon bolin na kirki ba ya zuwa da ramukan yatsu. Wanda ya yi odarsa daga bowlingball.com ko BowlerX ko Amazon, abin da zai tarar cikin kwali dunƙulallen abu ne sumul, mai nauyin laba 14 ko 15, babu inda yatsa zai shiga. Kafin ya hau layi sai an auna hannun mai shi, an zana ma'aunin a jikinsa da fensir mai maiƙo, sannan a ɗora shi kan injin huda. Wannan aiki ba a aiko shi a kwali. Duk gardamar da 'yan wasa a Amurka suke yi kan inda ya fi dacewa a yi sayayya, a kan ramukan nan uku take.

A yawancin manyan gidajen bolin na can akwai ɗan shago a wani lungu, ƙwallaye jere a bango, takalma a kanta, injin huda a baya. Farashin da aka liƙa wa ƙwallo a irin wannan shago galibi ya haɗa da awo da huda. Na intanet kuwa kuɗin ƙwallon ne tsurarsa, shi ya sa idan aka jera biyun sai a ga kamar mai shago yana tsuga wa mutane. A ɗauka ƙwallo yana dala 150 a intanet, a shago kuma 210. Kai wa mai shago ƙwallon da aka saya a wani wuri yakan ci dala 50 zuwa 70 na huda, robobin yatsu biyu da toshin babban yatsa, waɗanda ake cusawa cikin ramukan, su ƙara wasu 25 zuwa 35. Ka ga ribar ta gudu, wani lokaci har da ƙari a kanta. Ga kuma wani abu: manyan kamfanoni suna ƙayyade mafi ƙarancin farashin da dillali zai iya tallata sabon ƙwallo da shi, don haka sabon fitowa kusan kuɗi ɗaya yake a duk shafukan. Inda intanet take yi wa shago fintinkau shi ne ƙwallayen da aka daina ƙerawa. Kamfanonin Storm da Brunswick da Motiv suna fitar da sababbi sau da yawa a shekara, na bara ya koma gwanjo, alhali bai san an daina yayinsa ba, yana lanƙwasa yadda ya saba.

Awon hannu shi ne wurin da ya kamata a tsaya a yi bayani. Riƙo iri biyu ne. A na gargajiya, yatsan tsakiya da na zobe suna shiga har gaɓa ta biyu, irin ƙwallayen haya da ake tarar a gidan wasa. A riƙon kan yatsa kuwa gaɓar farko kaɗai ke shiga, kuma shi ne mai son ƙwallo ya lanƙwasa yake komawa gare shi. Mai huda yana auna abubuwa uku: faɗin kowane rami, tazarar da ke tsakanin ramin babban yatsa da na sauran biyun, da karkatar kowane rami, wato ko zai nufi tsakiyar ƙwallo ko zai kauce gaba, baya ko gefe. Ana lissafin tazara da kashi ɗaya cikin 16 na inci, bakunan huda kuma suna hawa da kashi ɗaya cikin 64. Yatsu biyun ma ba tazara ɗaya suke samu ba, na zobe yakan ɗara na tsakiya kaɗan. Mai huda na ƙwarai zai kama babban yatsanka ya lanƙwasa shi baya ya ga iyakar laushinsa, ya dubi ko zagayayye ne ko mai faɗi, ya shafa tafin hannunka ya ji bushewa ko gumi. Babban yatsa mai faɗi ramin ƙwai yake so, ba zagayayye ba.

Idan awo ya kuskure, hannu ne yake biya. Tazarar da ta yi tsawo tana jan gaɓoɓin yatsu, ta tayar da bororo a gindin babban yatsa. Wadda ta yi gajarta tana sa mutum ya riƙa matse ƙwallo don kada ya suɓuce. Ramin babban yatsa in ya yi faɗi, ko dai ƙwallo ya faɗi tun bai kai layin iyakar da mai jifa ba ya ƙetarewa ba, ko a damƙe shi har kanta ta fito. In ya yi matsi, ƙwallo ya maƙale ya tashi sama ya dira da ƙara. Yatsa kuma ba girma ɗaya yake kwana da shi ba, zafi yana kumbura shi, sanyi yana tsuke shi. Saboda haka ake barin ɗan sarari a ramin, a riƙa cikewa da tef: fari mai kaushi ta gaba don riƙo, baƙi mai santsi ta baya don fita. Wanda ya sayi ƙwallo a shago, in ramin ya dame shi bayan wasa biyu, sai ya taka ya koma, a goge baki da samfefa cikin minti biyar, galibi ba a karɓar ko sisi.

Wasu shafukan suna huda kafin su aiko. Iri biyu ne. Akwai wanda za ka zaɓi ƙarami, matsakaici ko babba kamar mai sayen riga. Wannan cinikin biri a sama ne, bai wuce ƙwallon haya mai sunanka a jiki ba, sai dai ga yaro ko mai zuwa wasa sau uku a shekara. Akwai kuma wanda za ka aika takardar awonka cikakkiya su huda a kanta. Wannan yana yin kyau ga wanda ya riga ya daɗe da awo ɗaya, musamman mai amfani da toshin babban yatsa da ake cirewa a mayar, irin Switch Grip na kamfanin Turbo ko IT na kamfanin Vise, domin ramin da ya fi wuyar dacewa yana cikin jakarsa, ya ɗaura shi a kowane ƙwallo. Sai dai a sani, ƙwallon da aka huda ba ya komawa. Ko kuskuren lamba ɗaya ka yi wajen cike fom, naka ne.

Bayan dacewa da hannu akwai inda za a ɗora ramukan. Cikin ƙwallo akwai ƙwaya mai nauyi wadda ba zagayayya ba ce, ɗigon launi da ke jikin ɓawo shi yake nuna samanta. Kowane ɗan wasa yana da wurin da ƙwallo yake juyawa a kansa idan ya bar hannu. Don gano shi, mai shago zai fito da kai layi, ka jefa, ya dubi zoben da man da ake shafa wa layi ya bari a jikin ƙwallon, ya auna ya liƙa farin tef, ka sake jefawa. In tef ɗin ya tsaya cak a farkon tafiya bai yi rawa ba, an samu wurin. Daga nan ake lissafin nisan ɗigon launi. A sa shi sama da yatsu, ƙwallo ya daɗe yana tafiya kafin ya karya da ƙarfi a ƙarshe. A sa shi ƙasa da su, ya fara kama layi da wuri ya lanƙwasa a hankali. Layin ƙafa 60 ne daga iyaka zuwa kwalbar farko, ana shafa mai a wajen ƙafa 40 na farko, kuma yawan man ya bambanta daga gida zuwa gida. Mai shagon da yake cikin gidan ya san irin man da injinsu yake zubawa kowace yamma. Bidiyon talla da ake gani a shafuka kuwa gwanaye ne suke jefawa, a kan man da ba naka ba.

Dokoki ma suna shigowa. Hukumar USBC mai kula da wasan bolin a Amurka, wadda take Arlington a jihar Texas, ta hana ramin daidaita nauyi, wato ƙarin ramin da ba a sa yatsa a cikinsa, daga 1 ga Agusta 2020, kuma duk ramin da ke jikin ƙwallo dole a sa yatsa a cikinsa a kowace jifa. Mai jifa da hannu biyu irin salon Jason Belmonte na Ostareliya, wanda ba ya sa babban yatsa, in aka aiko masa ƙwallo mai rami uku, ba zai shiga gasa da shi ba sai an toshe ɗayan. Hukumar tana da jerin ƙwallayen da ta amince da su, takan kuma cire wasu. A 2016 ta cire Jackal da Jackal Carnage na Motiv saboda ƙwayarsu ta wuce iyakar da aka yanka, a 2022 ta cire Spectre na Storm saboda ɓawonsa bai kai taurin da ake buƙata ba. Manyan shafuka ba sa sayar da irin waɗannan, amma a kasuwar kayan hannu suna yawo. Kafin ka biya kuɗin ƙwallon da ya yi araha fiye da kima, duba sunansa a jerin.

Haka nan ƙwallayen da aka rubuta musu blem ko X-out: masu ɗan aibi ne daga masana'anta, ko launi ya ɓaci, ko ɗigon ya yi nisa fiye da yadda aka saba. Na farkon ba ya hana komai, na biyun yana iya ɗaure wa mai huda hannu. A gefen kowane kwali ana rubuta nauyin ƙwallo, da nisan ɗigon launi, kamar inci 2 zuwa 3 ko 3 zuwa 4, da rarar nauyin da rabin sama na ƙwallon ya ɗara rabin ƙasa da ita, a oza. A shago mai huda zai zaɓo wanda ya dace da zanen da yake so. A intanet akwai wurin neman abin da kake so, amma abin da ke sito shi za a ɗauko. Mai sayen ƙwallo mara nauyi kuma ya karanta bayani da kyau, domin kamfanoni da dama suna sa wata ƙwayar daban a laba 12 da 13, ba wadda aka yi tallarta ba.

Garanti yana aiki ko ina ka saya muddin dillalin halastacce ne kuma rasit yana hannu, bambancin yana wajen wahala. Ƙwallo ya tsage, mai shago ya ɗauki hoto ya kira dillalinsa, sau da yawa ya huda maka sabon kyauta ko da rangwame. In a intanet ka saya, kai ne mai aika saƙo da jira, kuma kuɗin huda sabon yana wuyanka. Kamfani yana iya ƙin biya idan gadar da ke tsakanin ramukan yatsu ba ta kai rubu'in inci ba, ko ba a goge bakin ramuka ba, ko an bar ƙwallo a bayan mota cikin zafi ko ƙanƙara. Mai kai ƙwallo wurin wanda bai san aikin ba yana iya rasa garanti tun ranar farko.

Ba kowane shago ne abin yabo ba. Akwai mai huda da zai auna ka cikin minti biyu bai taɓa ganin jifarka ba, akwai mai tura maka abin da ya daɗe a bango don ya rabu da shi, akwai wanda ba ya buɗewa sai da yamma lokacin gasa. Akwai kuma mai ɗaure fuska idan ka shigo da kwali daga waje, duk da cewa kuɗin huda zai karɓa. Takardar shaidar IBPSIA, ƙungiyar masu shagunan bolin da masu koyar da wasan, a bango alama ce mai kyau, amma tambayar 'yan gasar mako-mako wa yake huda musu ta fi ta. Idan ya ƙi ba ka kwafin takardar awonka, nemi wani.

Sauran kaya ba su da wannan doguwar magana. Jaka, tawul, tef, ruwan wanke ƙwallo da faifan goge ɓawo irin Abralon, masu lamba 500 zuwa 4000, a saye su a intanet, sun fi araha kuma zaɓi ya fi yawa. Takalmi yana tsakiya. Na masu farawa yana da santsi a ƙafa biyu, kowa zai iya sawa. Na ƙwararru kuwa ƙafa ɗaya ce mai santsi, ɗayar mai kama ƙasa, don haka mai jifa da dama ƙafarsa ta hagu ce take zamewa, bahago kuma ta dama. Odar takalmin da ba na hannunka ba kuskure ne da ake yawan yi. Jerin SST na Dexter ana sauya masa tafi da dunduniya, lamba mafi girma ta fi santsi. In za ka yi oda, gwada shi a kan kafet a gida, domin tafin da ya taka layi ba a karɓarsa. Ƙwallon roba na kwashe ragowar kwalabe ma ana iya sayensa ko ina, tunda miƙe yake tafiya, ramukan kawai za a kwafa daga na babban ƙwallonka.

Ƙwallon farko dai a shago ya kamata a saye shi, haka duk lokacin da hannu ya sauya: yaro ya girma, an yi rauni, an rame ko an yi ƙiba. Wanda yake garin da akwai gidan wasa amma babu mai huda, hanyar da ta fi ita ce ya jira tafiya zuwa inda akwai, a auna shi, a huda, ya jefa wasa biyu ko uku a nan take don a gyara abin da ya saura, ya karɓi takardar awonsa ya ɗauke ta hoto. Da ita zai iya yin odar na gaba a hude. Ƙwallo mai laba 15 kilo 6.8 ne, biyu suna shiga jakar jirgi mai kilo 23 har da takalmi, uku kuwa sun kai kilo 20.4 tun ba a lissafa nauyin jakar kanta ba.