Oksfod ko Kembirij, in yini ɗaya rak gare ka

Ɗan'uwa, ka ce za ka kai wa abokinka ziyara a Landan, ya ware yini guda zai kai ka yawon buɗe ido, kana neman sanin wanda ya fi tsakanin garuruwan nan biyu. Ni dai Kembirij zan ce, sai fa in tafiyar ta faɗo cikin hunturu.

Wajen nisa kunnen doki ne. Jirgin ƙasa daga tashar Paddington zuwa Oksfod kamar awa ɗaya, daga King's Cross zuwa Kembirij ma bai cika awar ba.

Jami'ar Oksfod ce yaya. Tun wajen 1096 ake karatu a can, kuma malamanta da suka gudu bayan rikici da mutanen gari su suka kafa jami'ar Kembirij a 1209. Amma Oksfod birni ne sosai, ga cunkoso ga manyan bas-bas, kwalejojin kuma sun ɓuya a bayan katanga. Ƙarfinta yana cikin ɗaki: laburaren Bodleian na 1602, gidan tarihin Ashmolean na 1683, da gidan tarihin Pitt Rivers inda aka cusa kayan al'adun duniya cikin akwatunan gilashi, har da na Najeriya. Gidajen tarihin biyu kyauta ake shiga. Ranar ruwa da sanyi, can ne wurin.

Kembirij kuwa kyanta a fili yake. Kogin Cam ya ratsa bayan kwalejoji, sai ku hau kwale-kwalen da ake turawa da gora, kuna zaune gine-ginen suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har cocin King's College da aka aza tubalinsa a 1446. Ku biya mai tuƙi. Gorar kan kafe a laka, kuma baƙon da ya ƙi sakin ta, jirgin sai ya zame ya bar shi a ruwa, mutane a kan gada suna ta dariya. A gari kuma ka kula da masu keke, ba sa jira.

Batun salla da abinci, kowanne ya wadatar. A Oksfod ku nufi titin Cowley, akwai masallaci da gidajen cin halal. Amma masallacin Kembirij da ke titin Mill, wanda aka buɗe a 2019, shi kansa abin zuwa gani ne: ginshiƙansa na katako sun tashi sun yi rassa sun sarƙe a rufi kamar kana ƙarƙashin itatuwa.

Kada ku ce za ku haɗa biyun a yini guda, don ba jirgin da ke tafiya kai tsaye tsakaninsu. In kuma a Mayu ko Yuni za ka zo, abokinka ya fara bincikawa, domin lokacin jarrabawa kwalejoji da yawa kan rufe ƙofa ga baƙi.