MicroFC-60035: ƙaramin ido mai ƙirga haske, da abin da zafin Gombe ke yi masa

Hasken gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya wanda ido ba ya gani, ba ya isowa ƙasa. Idan ya daki iskar sama, sai ya haifar da wata walƙiya shuɗiya, hasken Cherenkov, wadda ba ta wuce 'yan nanosakan (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Shekara da shekaru bututun gilashi mai mayar da haske siginar lantarki, PMT, ne ke kama ta: ga tsada, ga cin wuta wajen volt 1,000, ga rashin jure farin wata. A 2011 na'urar hangen sama ta FACT a tsibirin La Palma na ƙasar Sifen ta nuna cewa ƙwayar silikon mai ƙirga haske, wato SiPM, za ta iya aikin.

MicroFC-60035 na kamfanin onsemi ɗan gidan SiPM ɗin ne. Fuskarsa milimita 6 ce tsawo da faɗi, da ƙananan ɗakuna masu kama haske 18,980 a ciki, kuma ya fi ganin shuɗin haske mai tsawon zango nanomita 420. Yana farkawa a kusan volt 24.5. Ƙara masa 2.5, ya kama kashi 31 cikin ɗari na hasken. Ƙara 5 maimakon 2.5, ya kai 41, sai dai hayaniya ta ƙaru, ƙaramin ɗaki ɗaya yana tayar da maƙwabcinsa.

Zafi ne babbar matsala a nan. Duk digiri ɗaya yana ɗaga matakin farkawar da milivolt 21.5. Wanda ya saita shi a ɗaki mai sanyin digiri 20, wuta ta ɗauke a watan Afrilu zafi ya kai 40, ya yi asarar volt 0.43 daga ƙarin da ya yi a kan matakin farkawar. Sigina ta ragu, ƙirgen ƙarya na cikin duhu kuma ya ninka. Dole a manna ma'aunin zafi a jikin allon da yake kai, a riƙa gyara wutar. A ba shi batir, kada a haɗa shi da layin janareta.

Ƙafafunsa a ƙarƙashi suke, don haka iskar zafi irin ta masu gyaran waya ake liƙe shi da ita, a hankali, don fuskar ba ta son ƙuna. Ƙurar hunturu ma a kiyaye.

Ga sashen Fiziks a Gombe ko Bauchi da ke son ɗalibai su ƙirga muon, ƙananan ƙwayoyin da ke ratso mu daga sama, da hannunsu, ya cancanci kuɗinsa: guda ɗaya, guntun robar da ke ƙyalli idan muon ya ratsa ta, baƙin tef, da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino. Kyamarar hangen sama kuwa ɗaruruwan irinsa ko fiye take ci, da mazurarin tara haske a kan kowanne, da matatar da za ta tare jan hasken dare, domin silikon yana ganin ja fiye da PMT.